Ruwan Zafin da Gwaggo Ta Zubar

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Gwaggo ta riga mu.

Ranar da muka rasa ta, gidanmu na Soron Ɗinki ya cika da matan da ban taɓa gani ba. Dangi na san su, maƙwabta ma na san su har da yadda kowace take fara kukanta. Waɗannan kuwa daban suke. Sai su tuɓe takalmi a bakin tsakar gida, su wuce can gefen randa su zauna, ba doguwar gaisuwa. Wata mai goyo ta kama hannuna ta ce, "Ita ta raka ni." Ba ta ƙara ko kalma ba. Can wata dattijuwa mai ɗingishi ta faɗi haka ita ma. Da ta uku ta maimaita, sai wata baƙuwa cikin dangin Inna ta kasa haƙuri ta ce, "Wai ina take raka ku ne?" Matar ta dube ta ta ce, "Kotu."

A zaure kuma, inda maza suke, yabon wani iri ne. Kowa ya buɗe baki sai ya ce ita ta wanke masa uwa, ita ta wanke masa mata, ba a taɓa aika mata ta ce ta gaji ba. Wani tsoho da muryarsa ke ratsa bango ya ce, "Allah Ya jiƙanta, amma fa an yi mace mai kafiya." Aka yi 'yar dariya ta makoki, irin wadda ake haɗiye rabinta. Baba, wanda shi ne ƙaninta, yana zaune a gefe. Carbi kawai yake ja, idonsa a kan tabarma.

Na zauna na rubuta wannan ne don kada a tuna da ita a matsayin mai wankan gawa kawai. Kuma ita ce ta bar mini wata magana ta ce in faɗa. Gwaggo ba ta roƙo, umarni take bayarwa, ko tana kwance.

Gajeriya ce, baƙa, ga ƙarfin hannu kamar mai daka. Tun ina ƙarama take zaune a gidanmu, a ɗakin da ke kusa da rijiya, domin mijinta ya rasu da daɗewa kuma Allah bai bar mata ɗa a raye ba. Mijin nan muna kiransa Baban Kasuwa. Na ɗan tuna shi, mai fara'a, aljihunsa ba ya rabuwa da alawa, kuma har yau in an ambace shi a unguwa sai an ce mutumin kirki. Gwaggo in aka yi wannan yabon sai ta ce, "Allah Ya yi masa abin da Ya ga dama," ta jefa goro a baki. Mu a zatonmu addu'a ce irin ta tsofaffi.

Ni sunan mahaifiyarsu ita da Baba aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. "Uwata, zo ki ɗauko mini ƙwaryar can a kan rumfa, tsohuwa da ke ba kya jin kunyar zama." Ni ke ɗauko mata duk abin da ke sama, saboda hannunta na hagu ba ya wuce kafaɗa. Ta ce mana sanyin ƙashi ne. Ba ta canza riga a gaban kowa, ko a tsakiyar zafin bazara da mata ke zama da ɗaurin ƙirji. Mukan tsokane ta mu ce Gwaggo ta ga jikin kowa, amma nata ta hana a gani. Sai ta ce, "Za ku gani, ai ba gudu zan yi ba."

Aiki biyu hannunta ya sani. Na farko wankan mamata. In aka yi rasuwar mace daga lungunmu har wajen Goron Dutse, ita ake nema. Ta ɗauki ƙwaryarta da ganyen magarya da kafur, ta yafa mayafi ta fita. In ta dawo ba ka jin komai daga bakinta. Matan gida sukan yi ta zagaye-zagaye da tambaya, wai ko gawar ta yi haske, ko ta yi nauyi. Amsarta ɗaya ce: "Amana aka ba ni." Haka aka koya mata, haka kuma ya kamata, mai wanka ba ta fallasa mamaci.

Aiki na biyu gashi ne. Mai jego, mai targaɗe, wadda ta faɗi, duk wurin Gwaggo ake kai su. Ta ɗora ruwa ya tafasa, ta tsoma tawul ta matse da hannu tsirara, ta danna inda ya kumbura. Kana ihu tana yi maka tsiya. Cikin 'yan kwanaki sai ka nemi kumburi ka rasa. Da wannan hannun take alfahari, kuma kowa ya san matan da suka yo yaji da kumburarriyar fuska ɗakinta suke fara sauka kafin iyayensu maza su gan su.

A bayan gidanmu akwai gidan maɗinka. 'Yarsu sa'ata ce, tare muka yi Islamiyya, yarinya mai yawan dariya da ba ta iya riƙe sirri. Ta riga ni aure. Ta yi yaji ta koma, ta sake yi ta koma. Zuwan da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ta shigo idonta ɗaya a rufe, leɓenta a fashe, tana tafiya tana dafa bango. A ranar mahaifinta ya rantse an gama, kotu za a je. Aka shigar da ƙara, aka kai wa mijin sammaci, aka sa rana.

Sai mata suka taru suka yi abin da muka saba. Uwarta ta ce ba za a shiga da yarinya gaban alƙali da wannan fuskar ba, duk garin zai gani, ƙannenta ma 'yan mata ne. Kowa ya ce gaskiya ne. Aka ɓoye ta a ɗakin Gwaggo, ba mai ganinta sai mu. Safe da yamma Gwaggo na ɗora ruwa. Ba madubi a ɗakin, don haka kullum in an gama sai yarinyar ta ɗago fuska ta ce, "Gwaggo, ya sauka?" Gwaggo ta ce, "Saura kaɗan, 'yar nan." Ranar kotu ta zo fuskarta fes, kamar ba abin da ya taɓa ta. Na ga Gwaggo ta kama haɓarta ta juya dama da hagu tana jin daɗin aikinta.

Na bi su kotun. Mijin ya zo da farar shadda, ya durƙusa har ƙasa ya gaida alƙali. Ya ce shi bai taɓa ɗaga mata hannu ba, matarsa dai akwai garaje, ƙofa ta buge. Alƙali ya tambayi wanda ya ga dukan. Wa zai gani? Ɗaki ne da ƙofa. Aka tsayar da Gwaggo.

"Hajiya, kin ga lokacin da ya dake ta?"

"Allah Ya gafarta Malam, ban gani ba. Amma na ga wurin."

"Ina wurin yake?"

"Ya warke."

"An kai ta asibiti?"

"A'a. Ni na gasa mata."

Wasu a bayanmu suka yi dariya. Alƙalin bai yi ba, kuma ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya daɗe yana duban yarinyar. Sannan ya ce shi da abin da ke gabansa yake hukunci, kuma abin da ke gabansa mace ce lafiyayya da mijin da ya musanta. Ya ja wa mijin kunne sosai, ya ce a je gida manya su sasanta. Manya suka sasanta. Da aka zo biko, Gwaggo ce ta riƙe hannunta har bakin ɗakinta, ta ce mata ta yi haƙuri, aure ibada ne.

Damina ba ta ƙare ba aka aiko bayan azahar, wai Gwaggo ta zo da ƙwarya. Aka ce yarinyar ta zame a makewayi.

Gwaggo ta tafi, ta dawo kafin la'asar. Ta zauna a bakin rijiya da mayafinta a jiki, ƙwaryar a cinya. Inna ta kawo abinci, ta ɗauke shi da yamma yadda ta ajiye. Ba mu tambaye ta ba, domin mun san amsar da za ta ba mu. Sai bayan shekaru ta gaya mini. Ta ce tana yaye zane ta gane ba santsi ba ne, domin makewayi ba shi da yatsu. Ta tsaya riƙe da moɗa, maza kuma na bubbuga ƙofa suna cewa a hanzarta, an gama kabari, kada la'asar ta wuce. Uwar yarinyar na tsaye a gefenta tana zuba ruwa, ita ma ta gani, suka dubi juna, kowa ya sunkuyar da kai. Ta wanke ta, ta sa mata kafur, ta naɗe ta da likkafani da kyau. "Uwata," in ji ta, "sau biyu na goge wa mutumin nan laifinsa. Na goge da ruwan zafi, na zo na goge da na sanyi."

Bayan sadakar arba'in ta kasa jurewa. Ta yafa mayafi ita kaɗai ta tafi caji ofis, matar da ba ta taɓa taka wurin ba. Ɗan sandan da ke kanta ya saurare ta da ladabi. Ya ce, "Mama, yanzu ina gawar?" Ta ce tana maƙabarta. Ya ce, "Iyayenta sun kawo ƙara?" Ta ce sun ce sun bar wa Allah. Ya ce, "Za su yarda a tono ta likita ya duba?" Gwaggo ta san ko ita aka tambaya, da a ce a tono 'yarta gara a yanka ta. Ya ce, "To Mama, ki je gida ki yi mata addu'a." Ta dawo gida.

Daga nan ne muka fara ganin sauyi. Ta daina bin lungun gidan maɗinka, sai ta zagaya ta bakin masallaci ko da rana ta take. In aka ɗora ruwa ya fara ƙara kafin ya tafasa, sai ta tashi ta bar tsakar gida. Wata rana da hantsi ina tankaɗe, tukunya na kan wuta, na ji ta ce a hankali, "Saura kaɗan, 'yar nan." Na waiga, ba kowa a wurin sai ni da ita. Na ce, "Gwaggo, da wa kike?" Ta ce, "Ke ba ki ji ta ba? Kullum sai ta tambaye ni ko ya sauka." Ba hauka ta yi ba, sallarta daidai, hankalinta ya fi namu. Tambayar ce kawai ta ƙi barin ta.

Aka yi shekaru a haka. Na yi aure, ƙanwata Auta ma ta yi, aka kai ta can bayan Ƙofar Kabuga. Auta ba mai magana ba ce. In ta zo gida aka tambaye ta ya gida, sai ta ce lafiya lau, ta gyara mayafi. Ni da nake ganin kaina mai wayo ban lura da komai ba, Gwaggo ce kawai take bin ta da ido.

Wata safiya na zo gaida su Inna, muna karyawa, sai ga Auta ta shigo ta rufe fuska da mayafi har haɓa. Ba ta yi sallama ba. Ta durƙusa a gaban Inna, mayafin ya zame. Ba zan kwatanta ba. Zan dai ce jini na fita daga kunnenta na hagu, kuma da Inna ta kira ta ta wannan gefen ba ta juyo ba.

Inna ta yi salati, ta yi kuka, sannan ta yi abin da kowace uwa a unguwarmu za ta yi. Ta hura wuta ta ɗora ruwa, ta ce in ɗauko tawul a ɗakin Gwaggo.

Ruwan ya fara ƙara ke nan Gwaggo ta fito. Ta dubi Auta, ta dubi tukunyar. Ta kama kunnuwan tukunyar da gefen zaninta, ta kai bakin kwata ta juye. Tururi ya tashi ya rufe ta har ƙirji.

"Ba mai taɓa yarinyar nan. Ba wanka, ba gashi, ko jinin nan kada a goge."

Inna ta ce, "Yaya, ciwo fa take ji."

"Na sani. Na fi ki sani."

Hayaniyar ta shigo da Baba daga zaure. Ya ga 'yarsa. Ya ce wallahi sai ya ɗaure yaron nan, amma a fara gyara ta tukuna, in ta samu sauƙi sai a san abin yi. Gwaggo ta ce yanzu za a tafi, a yadda take.

"Yaya, a haka za ki ratsa unguwa da ita? So kike ki tona mana asiri?"

"Asirin wa? Ita ta daki kanta?"

"Ana bin komai a hankali. Akwai mai unguwa, akwai iyayensa, mutanen mutunci ne."

"An bi a hankali a gidan maɗinka."

Ba wanda ya taɓa jin ta haɗa sunan gidan nan da irin wannan magana. Baba ya ce, "Wannan ai ƙaddara ce, zamewa ta yi." Gwaggo ta matso har gabansa, ita da ba ta kai kafaɗarsa ba, ta ce, "Ni na wanke ta. Ban taɓa buɗe bakina a kan mamaci a gidan nan ba, yau na buɗe, Allah Ya yafe mini. Ba zamewa ta yi ba. Ka saurare ni da kyau. Ba zan wanke Auta ba. Ita za ta wanke ni."

Sannan ta durƙusa ta gefen kunnen da ke ji, ta ce, "Auta, ba zan ja ki ba. Za a kalle ki, za a yi da ke. Za ki iya?" Auta ta ɗago ta dube ta. Can ta sa hannu ta cire mayafin daga fuskarta gaba ɗaya, ta yafa shi a kafaɗa, ta miƙe.

Haka muka fita mu uku. Lungunmu mota ba ta shiga, sai an taka zuwa titi. Masu ƙosai suka daina juyawa, maɗinka suka ɗago daga kan keke. Ni kam kunya ta kusa kashe ni, ba zan ɓoye ba. Gwaggo kuwa gaisawa take da mutane ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zuwa suna, tana tsayawa daidai yadda kowa zai gani da kyau.

A caji ofis aka ce mana maganar mata da miji ce, a koma gida a kira manya. Gwaggo ta kwance ɗankwalin da ta ɗauro a ƙugu, ta shimfiɗa a gaban kantar 'yan sandan ta zauna. Ta ce, "Yaro, na taɓa zuwa nan aka tambaye ni ina gawar. To yau na kawo ta da ranta, don kada a sake tambayata." Wata 'yar sanda da ke gefe ta ajiye abin da take ci, ta zo ta ɗaga haɓar Auta. Ita ta raka mu asibiti a adaidaita sahu, ta tsaya har likita ya duba ya rubuta abin da ya gani. Aka kama mijin da rana. Kafin magariba yayansa ya yi belinsa, mu ko gida ba mu isa ba.

Shari'ar ta ja. A je a ɗage, a je a ce mijin ba shi da lafiya, a je a ce alƙali ya yi tafiya. Tsakanin kowane zama kuma zaurenmu ba ya rabuwa da manyan riguna, ana ba Baba haƙuri, ana tuna masa zumunci da cewa su ma suna da 'ya'ya mata. Mijin ya ce in rabuwa take so ta fanshi kanta, kamar ita ce mai laifi. Fuskar Auta ta warke tun kafin a je ko'ina, amma wannan karon an riga an gani. Likita ya gani, 'yar sanda ta gani, rabin Soron Ɗinki sun gani. A zaman farko ma alƙali ya sa mata biyu na kotun sun shiga da ita ɗaki sun duba abin da riga ta rufe, suka fito ɗaya tana share ido. A ƙarshe ya raba auren saboda cutarwa, ba tare da ta mayar da komai ba.

Ƙarar dukan kuwa, wadda za ta iya kai shi gidan yari, ba ta kai ko'ina ba. Manya suka ci ƙarfin Baba, suka ce tunda an rabu a yafe, kada a ɓata wa yaro rayuwa. Aka janye. Auta ta fito da ranta da kunne ɗaya. Shi kuma ya fito da hularsa a karkace, kafin shekara ta zagayo ya auri wata daga can wata unguwa. Da labarin ya iso, Gwaggo ba ta ci abinci ba ranar. Ta ce, "Na fitar da tawa, na bar ƙofar a buɗe ta wasu ta shiga." Har ta rasu, in aka aiko kiran wanka daga wajen Kabuga sai ta fara tambayar matar wane ne kafin ta ɗauki ƙwarya.

Baba ya yi fushi da ita na tsawon lokaci. Gaisuwa kawai ke haɗa su. Ya ce ta mai da gidansa abin nuni. Ita kuma ko a jikinta, sai ma ta ƙara. Labari ya bazu a tsakanin mata, ban san ta yaya ba, cewa akwai wata tsohuwa a Soron Ɗinki. Sai ka ga mace ta shigo da sassafe fuska a rufe tana tambayar ɗakin Gwaggo. Maganarta ga kowace iri ɗaya ce: "Kada ki wanke, kada ki gasa, taho yadda kike." Ba ta san doka ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko, abin da ta sani shi ne zama a kan bencin kotu har a kira. Wasu sun samu hakkinsu. Wasu an ce su koma, sun koma. Wasu su da kansu suka janye, kuma ba ta taɓa zagin ko ɗaya ba, sai dai ta raka ta bakin titi ta ce, "Kin san ɗakina." Gashi kuwa ta ci gaba da yi wa masu jego da masu targaɗe, amma sai ta tambayi yadda aka ji ciwon, ta kuma dubi idon mai ba da amsa.

Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Wata la'asar ta sa aka kira ni da Auta, ta ce a ja labule.

"Ku biyu za ku wanke ni. Auta ta wanke, Uwata ta zuba ruwa. Kada a kira kowa."

Muka ce Allah Ya ba ta lafiya. Ta ce mu bar wannan, ita ta san hanya, ta raka mutane da yawa.

"Abin da kuka gani kuma ku faɗa."

Na ce, "Gwaggo, ke ce kika koya mana amana."

"Aibin mamaci aka ce a rufe. Wannan ba aibina ba ne. Na rufe wa wani nasa har na tsufa, ya isa."

Ta cika da safe, bayan an idar da sallar asuba gari ya yi haske. Muka shiga da ƙwaryarta da magaryarta, muka rufe ƙofa. Auta ta yi bisimilla, ta yi mata alwala yadda ta sha gaya mana, ta fara da dama. Da muka juya ta ne na ga dalilin rigar da ba a cirewa. Ƙashin kafaɗarta ta hagu ya taɓa karyewa ya haɗe a karkace, wannan ne sanyin ƙashin. Bayanta duk tsofaffin layuka ne, fari a kan baƙi, wani a kan wani. A ƙasan haƙarƙari akwai tabon ƙuna mai faɗi da tsini a gaba, wanda duk matar da ta taɓa riƙe dutsen guga za ta gane shi. Moɗar ta faɗi daga hannuna. Auta ba ta tsaya ba. Ta ɗora tafin hannunta a kan tabon ta ce, "Sannu, Gwaggo," ta ci gaba da wanki a hankali, kamar mai gudun kada ta fama mata.

Bayan an dawo daga maƙabarta, mutane sun ɗan ragu, na sami Baba shi kaɗai a zaure. Na durƙusa na gaya masa abin da muka gani, domin da shi ya kamata in fara. Na zaci zai firgita. Bai ɗago ba.

Ya ce, "Na sani. Ina saurayi lokacin. In ta gudo, ni ake ba ƙunshin kayanta in raka ta ta koma."

Na ce, "Baba, ba wanda ya kai ƙara?"

"Tsohonmu ya taɓa cewa zai kai. Aka ce a bari ta warke tukuna." Ya ja carbi ɗaya, ya tsaya. "Mai sunanki ce take gasa mata."

Na tashi na koma cikin gida. Duk tsawon rayuwata tana kirana Uwata, tana aikena in ɗauko mata abin da hannun nan ya kasa kaiwa, ban taɓa tambayar kaina komai ba.

To, Gwaggo, ga shi na faɗa. Baban Kasuwa yana can inda kike, a gaban Alƙalin da ba Ya bukatar a kawo masa shaida, ba kuma a ɗage zama. Mu nan abin da muka iya ke nan. Auta ta wanke ki da hannunta, da ranta, kamar yadda kika rantse. Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya jiƙan 'yar gidan maɗinka, Ya haɗa ku inda ba mai tambayar wani komai.

Jiya da hantsi na ɗora ruwa don masu zuwa gaisuwa. Ya fara ƙarar nan kafin tafasa, na tsinci kaina a tsaye ina saurare. Ban ji murya ba, amma na san tambayar, kuma yanzu na san amsarta. Bai sauka ba, Gwaggo. Mun gani.